Usur A Wuya, Furfura A Ka

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Yau ina so in yi magana ne a kan wani abu da ya same ni a filin ƙwallon kwando, wanda na yi wata da watanni ina jujjuya shi a raina kafin in iya zama in rubuta.

Wata ranar Talata ce da la'asar, cikin hunturun bara, a filin siminti na wata makarantar 'yan mata da ke Zariya, inda na shafe fiye da shekara 30 ina horar da yara. Sababbin ɗalibai ne a gabana, 'yan shekara 12 zuwa 13, ina so in nuna musu yadda ake tunkarar kwando da gudu: taku na dama, taku na hagu, sai a tashi a kan ƙafar hagu a ɗora ƙwallo a jikin allo da hannun dama. Allah kaɗai Ya san sau nawa na yi wannan a rayuwata. Na yi taku na farko, na yi na biyu, da na zo tashi sai gwiwar hagu ta ƙi ɗaukata. Ƙwallo ta daki ƙasan allo ta yi nata wuri, ni kuma na tsinci kaina zaune a kan siminti. Da a ce yaran sun yi dariya, da abin ya zo mini da sauƙi, don mai horarwa ta saba a yi mata dariya ta rama da zagaye fili sau biyar. Shiru suka yi. Can sai wata 'yar ƙarama ta rugo ta kama hannuna, ta ce, "Sannu Kaka."

Na fara wannan aiki a 1993, yara suna kirana Anti. Daga baya na zama Malama, sannan Mama, kuma duk ban lura da lokacin da sunan ya riƙa sauyawa ba. Wannan na ƙarshen ne na ji shi har cikin ƙashina.

Akwai wani ruɗi da ke tattare da aikin koyar da yara, wanda ban taɓa jin an yi bayaninsa ba. Uwa tana ganin 'ya'yanta suna girma a gabanta, saboda haka tana auna shekarunta da nasu ko ba ta so. Mai horarwa ba ta da wannan ma'auni. Duk shekara manyan ɗalibai su gama su tafi, ƙanana su shigo, fuskokin da ke gabanka kullum ba sa wuce shekara 17. Kwandon ma bai motsa ba. Tun da James Naismith ya ƙirƙiro wasan a garin Springfield na Amurka a Disambar 1891, ya kafa kwandunan zuba 'ya'yan itace a jikin barandar ɗakin motsa jiki, tsayin nan na ƙafa 10, wato mita 3.05, shi ne dai har yau. Fili na nan yadda yake, yara na nan yadda suke, mutum ɗaya ne tak yake tsufa a wurin, kuma shi ne na ƙarshen sani.

Bayan faɗuwar nan shawara biyu suka zo mini. Ta farko daga 'yan'uwa da 'ya'yana: Hajiya, ya isa haka, ki ajiye usur ki koma kan dardumarki da carbinki, shekara 58 ba ta guje-guje da jikoki ba ce. Ta biyu daga zuciyata: ki ɗaure gwiwar, ki sha magani, kada ki bari kowa ya gane. Ra'ayina a yau shi ne dukkansu biyun kuskure ne, amma ta biyun na bi, kuma sai da na kusa cutar da 'ya'yan mutane kafin na gane.

Wata uku na yi ina ɗaure gwiwa a ƙarƙashin dogon wando, ina haɗiyar ƙwayar kashe ciwo kafin in fito, ina ci gaba da nuna komai da jikina kamar da. A ganina na rufa asiri. To, wata rana muna wasan gwaji, ina tsaye a gefe, sai na lura da wata ɗaliba ta yi tsalle ta sauka a kan ƙafa ɗaya a sandare, ta karkatar da jiki gefe. Jim kaɗan wata ta yi haka. Sai ta uku. Gabana ya faɗi, domin na gane saukar: tawa ce. Haka nake sauka tun da na fara kare gwiwar hagu, su kuwa yara ba su san ciwo nake kauce wa ba, sun ɗauka haka ake yi. Yaro ba ya tace abin da ya gani a jikin malaminsa, duka yake kwasa, har da ɗingishin.

Mai karatu zai iya cewa wannan ƙaramin abu ne. Ba ƙarami ba ne. Likitocin wasanni sun daɗe da tabbatar da cewa jijiyar da ke tsakiyar gwiwa ta fi saurin tsinkewa ga 'yan mata fiye da samari a wasannin da ake tsalle da juyin gaggawa, kuma mafi yawan lokaci ba karo da wani ke jawo hakan ba, mummunar sauka ce: ƙafa a miƙe, gwiwa ta lanƙwaso ciki. Wadda abin ya samu, sau da yawa sai an yi mata aiki, sannan ta yi watanni tana jinya, kuma mun san iyaye nawa ne a cikinmu za su iya ɗaukar wannan. Wato don gudun kada a ce na tsufa, na zauna ina dasa wa 'ya'yan amana irin saukar da ke karya su. In an tambaye ni sunan abin da na yi, ba zan ce juriya ba. Son a gan ni da ƙarfi ne, kuma malamai sun sha gaya mana hatsarin aikin da aka yi don idon mutane.

A daren ranar na tuna ƙissar da muka karanta tun muna Islamiyya, wadda Abu Dawud ya ruwaito, cewa Uwar Muminai A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi tsere da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta tsere masa, bayan wani zamani da jikinta ya yi nauyi suka sake, ya tsere mata, ya yi mata raha cewa an rama. Shekaru ina kawo wannan ƙissa a zaurukan iyaye a matsayin hujjar cewa gudu bai haramta ga mace ba, rabin farko kawai nake gani. Rabi na biyun ban taɓa tsayawa a kansa ba: ita da bakinta ta ba da labarin cewa jikinta ya sauya har aka wuce ta, ba ta ɓoye ba, kuma ta ba da shi ne a matsayin abin tunawa mai daɗi. Haka nan aya ta 54 ta Suratur Rum ta jera matakan ɗan Adam, rauni da ƙarfi sannan rauni da furfura, a matsayin tsarin halitta. Ni ce dai na ɗauki mataki na uku kamar wani abin kunya da ya faɗo mini ni kaɗai.

To, in haka ne, me ya hana in bi shawarar 'ya'yana? A nan ne nake so iyaye da malamai mata su saurare ni da kyau.

Lokacin da nake Anti, abin da ya fi ba ni wuya ba koyar da jifa ba ne, samun izinin iyaye ne. Sai in je gida in yi sallama, maigida ya fito zaure ya dube ni, yarinya 'yar shekara 26 da takalmin gudu, ya ce zai yi shawara. Shawarar ba ta ƙarewa. Ban ga laifinsu sosai ba, don tambayoyinsu na gaskiya ne: wa zai tafi da ita Kaduna ko Kano in gasa ta taso, a ina za ta kwana, me za ta sa a jikinta? Tambayar sutura ma a lokacin ba ni da cikakkiyar amsarta, domin dokar hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta hana rufe kai a gasanninta. A 2014 'yan wasan Katar mata sun fice daga gasar nahiyar Asiya a Incheon ta Koriya ta Kudu saboda an ce sai sun cire hijabi. Sai a 2017 hukumar ta sauya dokar, bayan gwagwarmayar mata irin su Bilqis Abdul-Qaadir, Ba'amurkiyar da dokar ta tare wa hanyar zama ƙwararriyar 'yar wasa. Wannan ƙofa ta buɗe. Amma tambayar wa zai tafi da ita tana nan, kuma babu dokar da za ta amsa ta.

Yau in na je zauren nan, tabarma ake shimfiɗa mini. Uban yarinya ya gaishe ni da ladabi, wani ma ya ce ai matarsa ɗalibata ce. Kafin in gama bayani ya ce, "Hajiya, in dai tana hannunki, na yarda." Ba ƙwarewata a wasa ya duba ba, furfurar da ta leƙo ta gefen ɗankwali ya duba. Kuma tsoron da ke ransa ba na banza ba ne. A 2021 an fallasa cin zarafin da aka daɗe ana yi wa 'yan matan ƙungiyar matasa ta ƙasar Mali, har FIBA ta sa aka gudanar da bincike na musamman, a ƙasar da take cikin na gaba-gaba a wannan wasa a Afirka. Duk inda aka tara 'yan mata ƙanana masu buri, aka bar su da wanda yake da ikon cewa ke za ki buga, ke ba za ki buga ba, to wurin yana bukatar idon dattijuwar da ba ta jin nauyin kowa. Idan duk macen da gwiwarta ta gaza ta tattara ta koma gida, wa aka bar wa yaran? Carbina yana shiga aljihu, kuma ban ga abin da zai hana in ja shi a kan benci ba.

Akwai wani abu kuma da ya kamata in faɗa, ko da bai yi mini kyau ba. A 2024, lokacin wasannin Olamfik na Faris, na zauna gaban talabijin na ga D'Tigress sun doke Ostareliya da ci 75 da 62, suka doke Kanada 79 da 70, suka zama ƙungiyar Afirka ta farko, ta maza ko ta mata, da ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a ƙwallon kwandon Olamfik. Na yi kabbara har maƙwabta suka leƙo. Amma da kyamara ta haska mai horar da su, Rena Wakama, wadda aka haifa a 1992, shekara ɗaya kafin in rataya usur a wuyana, sai na ji wani abu ya soki zuciyata. Ɗalibaina na farko sun girme ta. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa wata rana za a kira ni wani babban wuri, a ranar na tabbatar ba za a kira ba. Na yi istigfari, na yi mata addu'a da sunanta, don na ji an ce wannan ne maganin irin wannan ciwo. Da suka ci kofin Afirka karo na biyar a jere a Abijan a 2025, murnar ta zo mini ba gauraye, alhamdu lillahi.

Abin da na yi a ƙarshe shi ne na nemo wata tsohuwar ɗalibata, wadda ta yi mini kyaftin shekaru da suka wuce, yanzu malamar lissafi ce mai 'ya'ya uku. Na ce mata, "Ke za ki riƙa nunawa, ni zan riƙa kallo." Ta ce, "Mama, a gabanki?" Na ce a gabana. Makonnin farko sun yi mini ɗaci ƙwarai. Tana koyar da wasu abubuwa ba yadda na koya mata ba, harshena ya yi ta ƙaiƙayi, sau biyu na katse ta a gaban yara, daga baya na bi ta ofis na ba ta haƙuri. Amma daga kan bencin nan na fara ganin abin da shekara 30 ina gudu a tsakiyar fili ban gani ba. Nakan gane wadda ta zo ba ta ci abincin rana ba tun daga yadda take riƙe ƙwallo, da wadda jifarta ta lalace don ana maganar aurenta a gida. Gwiwoyi kuwa, babu wadda za ta lanƙwaso ciki ban tsayar da wasa ba. Yaran nan uku sai da muka yi zango guda muna sa su tsalle daga kan ɗan akwati suna sauka da ƙafa biyu, gwiwa a tanƙware, kafin ɗingishina ya fita daga jikinsu.

Usur ɗin dai har yanzu yana wuyana. Na yi niyyar miƙa mata shi a ƙarshen zangon da ya wuce, na ciro shi daga jaka, na sake mayarwa. Ta gani, ba ta ce komai ba, washegari ta sayo nata a kasuwar Sabon Gari. Yanzu usur biyu ne a filin, yara kuma sun iya bambance su: nata na a fara ne, nawa na a tsaya.

Ita kuwa 'yar da ta kira ni Kaka, makon jiya ta yi taku na dama, ta yi na hagu, ta tashi, ƙwallo ta taɓa allo ta faɗa kwando, ta sauka da ƙafa biyu. Ba ta dubi malamarta ba, benci ta juyo ta duba. Na ɗaga mata hannu, na ce ta koma layi ta sake, wannan karon da hannun hagu.

Wassalamu alaikum.