Masu Ƙera Kayan Babur a Rumfa: Jarin da 'Yan Kasuwa Ke Tsallakewa

Sanin kowa ne cewa da wuya babur ya shigo ƙasar nan ya zauna yadda kamfaninsa ya ƙera shi. Kafin sabon Boxer ko Jincheng ya yi wata guda a hannun mai shi, an kai shi wurin mai walda, an tsawaita kariya domin ta ɗauki buhun masara biyu, an ƙara wa jak kauri, an ɗaura ƙarfen da zai kare injin daga duwatsu. Injiniyan da ya zana babur ɗin a Indiya ko ƙasar Sin bai san hanyar ƙauye da damina ba. Wanda ya san ta shi ne mutumin nan da ke aiki a rumfa ko a zauren gidansa, da injin walda guda da guduma da zarto.

A ganina, wannan mutum ƙaramin mai masana'anta ne, ko da yake ba a lissafa shi cikin masu masana'antu. Kasuwarsa kuwa ta ƙara buɗewa tun daga watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya saki naira ta nemi farashinta. Dalar da ake saye kimanin naira 460 a hukumance ta haura naira 1,500 a shekarar 2024. Duk kayan gyaran da ake shigowa da shi ya bi dala ya hau, saboda haka ɗan acaɓa da manomi suka koma neman wanda zai ƙera musu a gida.

Masu raina rumfa ya kamata su waiwayi tarihi. A wata 'yar bukkar katako a birnin Milwaukee na Amurka aka harhaɗa baburan Harley-Davidson na farko a 1903. A Japan kuma, Soichiro Honda ya soma ne a 1946 da ɗaura wa kekuna ƙananan injunan da sojoji suka bari bayan yaƙi. Amma misalin da ya fi kusa da mu shi ne garin Nnewi a Jihar Anambra. 'Yan kasuwar garin sun daɗe suna shigo da kayan gyaran babura da motoci. Da kuɗaɗen musanya suka yi wuya a shekarun 1980, musamman bayan shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, sai wasunsu suka sayo injuna daga Taiwan suka soma ƙera kayan da kansu. Ba su fara da injin babur ba. Sun fara ne da abubuwa masu sauƙi, irin su roba da zubin alminiyam, suka kuma samar wa kansu wuta da ruwa. Innocent Chukwuma, wanda aka buɗe kamfaninsa na haɗa motoci na Innoson a 2010, daga sayar da kayan gyaran babur ya taso.

To, me ya hana masu sana'ar a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano bin wannan sawu? Amsar da aka saba bayarwa ita ce rashin jari. Akwai gaskiya a ciki, amma babbar matsalar ita ce ƙarfe da awo. Mai rumfa yana aiki ne da ƙarfen da ya tsinto a wurin 'yan gwangwan, bai san irinsa ba, bai san nauyin da zai iya jurewa ba. Idan kariya ce ko jak, da sauƙi, domin ido da hannu sun wadatar. Amma sandar da ke riƙe ƙafar babur, da farantin haƙoran da sarƙa ke bi, da kayan birki, waɗannan suna bukatar ƙarfe na musamman, a sassaƙa shi daidai da awo, sa'an nan a gasa shi a wuta zuwa wani zafi da aka sani, a tsoma shi cikin mai domin ya yi tauri. In taurin ya gaza, haƙoran su cinye cikin 'yan makonni. In ya yi yawa, ƙarfen ya karye kamar tangaran, watakila a lokacin da babur ke gudu da mace da goyo a baya. Haɗari guda irin wannan ya isa ya sa jama'a su ce kayan gida ba shi da aminci, har da na wanda ya yi aikinsa da kyau.

Ba za a ɗora wa mai rumfa laifin rashin ƙarfe ba. Kamfanin Ajaokuta da aka soma ginawa a 1979 da taimakon Tarayyar Sobiyet bai kai ga narkar da tama kamar yadda aka tsara ba. Masana'antun mulmula ƙarfe na Katsina da Jos da Osogbo kuwa, rodin gini da waya aka kafa su su yi.

Wasu suna kira ga gwamnatin tarayya da ta hana shigo da kayan gyaran babur baki ɗaya. Ban goyi bayan haka ba. Hani irin wannan 'yan fasa-ƙwauri yake yi wa kasuwa, ya kuma tilasta wa talaka sayen birkin da ba a gwada ba.

Abin da ya fi dacewa yana hannun 'yan kasuwa ne. Babu matar da ke sayen injin niƙa domin tuwon gidanta. Takan kai hatsinta ta biya ladan niƙa. Haka nan mai jari zai iya kafa ɗakin aiki guda a tsakiyar kasuwar masu ƙira, ya sa injin sassaƙa ƙarfe, da murhun gasa shi, da na'urar gwada tauri, ya sayo ƙarfen da aka san irinsa yana sayarwa a yanke. Kowane maƙeri ya kawo aikinsa ya biya. Kuɗin wuta ma ya sa hakan ya zama dole, ganin cewa a watan Afrilun 2024 an ɗaga farashin lantarki na masu rukunin Band A zuwa naira 225 kowane ma'auni, abin da rumfa guda ba za ta iya ɗauka ba, amma rumfa hamsin za su iya rabawa.

Su ma kamfanonin da ke haɗa babura a Legas da Kano suna da rawar takawa. Babu dalilin da zai sa a biya dala a shigo da kariya da jak da matakin ƙafa a cikin kwantena. Su ba ƙungiyoyin masu ƙira zane da awo, su ba da odar guda dubu, Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta SON ta duba samfur, a mayar da duk wanda bai cika awo ba.