Mun Haddace Sunan Fenti, Mun Kasa Tambayar Wa Ya Dama Shi

A walimar ƙarshen zango da muka yi a Landan, na zauna kusa da wasu samari uku waɗanda suka shafe fiye da awa guda suna gardama a kan launin mota. Ɗayansu ya rantse babu kamar Rubystone Red, wani ja mai ratsin hoda da Porsche ya shafa wa 911 Carrera RS a farkon shekarun 1990. Na biyu ya ce ai Midnight Purple na Nissan Skyline GT-R ya binne shi. Na uku kuwa ya zaro waya yana nuna hotunan da ya ɗauko a Knightsbridge, inda 'ya'yan attajiran Larabawa ke baje motocinsu da bazara. Da na tambaye su da me ake haɗa waɗannan launuka, sai wurin ya yi tsit.

'Yan uwana ɗalibai, kada wani ya ɗauka hassada ce ta sa ni rubutun nan. Mai kuɗi ya sayi abin da ya ga dama. Takaicina shi ne, mu da aka turo neman ilmi, wasunmu da kuɗin talakawan jiharsu, wasu da gonar da uba ya sayar, mun zaɓi matsayin 'yan kallo a kan abin da ya kamata mu zama masu bincikensa.

Ni ɗalibin kimiyyar haɗa sinadarai ne, don haka bari in faɗa muku abin da ke cikin gwangwanin. Fentin nan mai sauya launi, wanda Ford ya sa wa Mustang Cobra a 1996 da sunan Mystic, ƙananan ɓarɓashin alminiyam ne da aka lulluɓe da wani sinadari mai kama da gilashi, kaurin kowanne bai kai na gashin kai ba ko kusa. Haske na shiga ya dawo ta fuska biyu, sai ido ya ga kore daga nan, ya ga shunayya daga can. Wannan dabara ce ke sa lambar da ke jikin takardar dala 100 ta sauya launi idan an karkata ta, domin a gagari masu jabu. Shuɗin Structural Blue da Lexus ya fitar a kan LC 500 kuwa, babu ɗigon shuɗin rini a cikinsa. Daga fiffiken wani malam-buɗe-littafi mai suna Morpho aka kwaikwayo shi, kuma kamfanin ya ce shekara 15 aka yi ana bincike kafin a kai ga nasara. Wanda ya san sunan launin kaɗai, me ya sani?

Na san za a ce mini, to ina ruwan Bahaushe da ilmin launi? Wannan tambayar ita ta fi ci mini rai. A marinar Ƙofar Mata da ke Kano, masu rini sun daɗe da sanin yadda ake jiƙa baba da toka a karofi har ya ruɓa, a tsoma zane ya fito kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonka. A garin Kura ana buga turkuɗi da shuni har ya riƙa walƙiya kamar ƙarfe, Buzaye su tsallako Sahara su saya da tsada. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya rubuta yadda tufafin da aka rina a can suke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Me ya biyo baya? Wani Bajamushen, Adolf von Baeyer, ya zauna a ɗakin gwaji ya gano ƙirar sinadarin baba, kamfanin BASF ya fara sayar da na haɗi a 1897, kasuwar baban gona ta fara durƙushewa a duniya. Kamfanin nan daga baya ya shiga sahun manyan masu haɗa fentin mota. Su sun yi tambaya, mu mun tsaya sha'awa, yau ga jikokin marina suna tafa wa shuɗin wani.

Wani zai ce ai nishaɗi ne kawai, ba a hana yaro sha'awa. Gaskiya ne, ni ma nakan tsaya in kalli Ferrari mai launin Giallo Modena idan ta gifta. Amma sha'awar da ba ta haifi tambaya ba, ƙarshenta kwaɗayi, kuma kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Ɗalibin da ya koma gida da burin mallakar motar, ba da burin sanin sirrinta ba, shi ne gobe zai zauna a ofis yana lissafin kwangilar da za ta saya masa ita.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu da su ware zama guda a taro mai zuwa, masu karanta kimiyya da injiniyanci su yi mana bayanin irin waɗannan abubuwa da Hausa. Wanda kuma zai je hutu Kano, ya leƙa Ƙofar Mata da littafi da biro, ya tambayi dattawan wurin ma'aunin tokarsu tun suna raye. Ni na yi alkawarin kawo bayanin farko.