Darasin Bakolori

A shekarar 1978 aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara. An tsara aikin ba tare da shawartar manoman da ruwa ya cinye gonakinsu ba. Da suka tashi neman diyya, 'yan sanda suka buɗe musu wuta a watan Afrilu na 1980, rayuka suka salwanta.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da an zauna da dagatai da talakawa tun farko, da an san darajar kowace fadama, an daidaita kan diyya cikin lumana. Saboda haka wajibi ne kowace hukuma ta saurari jama'ar wuri kafin ta zartar da abin da ya shafi abincinsu.