Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Furta Zunubi da Gyaran Ɓarna



A wani taron ƙungiyar gama kai da aka yi bayan girbi, wani saurayi daga cikin membobinmu ya kawo maganar da ta hana mu barci. Shi ɗan cin rani ne, kowace shekara in an gama aikin gona yakan tafi Kano ya yi ƙodago a wani kamfanin jima. Ya ce cikin aikinsa akwai buɗe hanyar ƙazamin ruwan jima da dare, ya zuba a kwata, alhali ya sani kwatar nan rafi take bi, a bakin rafin kuwa akwai masu lambu. Ya ce ya roƙi Allah gafara ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, amma in gari ya waye sai ya koma ya yi abin da ya yi jiya. Sai ya tambaye mu, ya ce, "Iyayena, an gafarta mini ko ba a gafarta ba?" Kafin kowa ya buɗe baki, wani dattijo ya ce shi ma da magana, gama ɗansa yana noman latas da irin wannan ruwa, shi kuwa yana cin kuɗin.

Ra'ayinmu ke nan: Allah yana gafartawa kyauta saboda Yesu Almasihu, ba a sayen gafara da kuɗi ko da aiki. Amma furta zunubin da bai kai mutum ga neman gyara ɓarnar da ya yi wa maƙwabcinsa ba, bai cika ba tukuna. Mun kuma lura ikkilisiyoyinmu sun yi sakaci da wannan gefen.

Bari mu fara da bayanin wurin, domin waɗanda ba su san Kano sosai ba. Akwai manyan unguwannin masana'antu 3 a birnin, watau Bompai, wadda ita ce ta fi daɗewa, da Sharaɗa, da Chalawa. Da yawa daga cikin masana'antun sun rufe, musamman masaƙu, amma har yanzu ana jimar fatu. Majeman gargajiya da bagaruwa suke jima. Kamfanoni kuwa suna aiki da gishiri da magunguna masu ƙarfi, a cikinsu har da wani sinadari da ake kira kuromiyom. In an saki ruwan ba a tace shi ba, na Bompai yakan bi rafin Getsi ya faɗa Jakara, daga nan ya tafi madatsar ruwa ta Wasai a ƙasar Minjibir. Na Sharaɗa yakan bi rafin Salanta ya shiga kogin Chalawa, na Chalawa kuma yana bakin kogin ne ma. Kogin Chalawa yana haɗuwa da kogin Kano, su gangara su zama kogin Haɗeja. Duk tsawon hanyar nan akwai masu lambu, da masunta, da makiyaya, da mata masu wanki, da yara masu wanka. Masanan jami'o'inmu sun daɗe suna auna ruwan nan da ƙasar da ganyayen lambun, suna samun guba irin ta ƙarfe a ciki. Abin da ya kamata kowane manomi ya sani shi ne, gubar da shuka ta sha ta saiwa ba ta fita da wanki, ba ta kuma mutuwa da dahuwa.

Ba rashin doka ba ne. Bayan da aka gano sharar guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko a 1988, gwamnatin tarayya ta kafa hukumar kare muhalli a wannan shekara. A 2007 aka kafa hukumar NESREA, a 2009 kuma aka fitar da ƙa'idodi na musamman domin masaƙu da masana'antun fatu, waɗanda suka wajabta tace ruwa kafin a sake shi. Amma doka takan kama hannu ne kawai, in ta gan shi. Zuciya kuwa sai tuba.

To, ina ruwan furta zunubi da wannan? Dukanmu mun yarda da furta zunubi, ko da yake hanyoyinmu sun bambanta. 'Yan'uwanmu Katolika sukan je wurin Fada su faɗi zunubansu a asirce, tun babban taron Lateran na 1215 kuwa aka wajabta musu yin haka aƙalla sau ɗaya a shekara. Anglikan sukan furta tare da murya ɗaya cikin sujada. A ECWA da COCIN da HEKAN da Baftis mukan furta ga Allah kai tsaye cikin addu'a, laifin da ya fito fili kuma a kai shi gaban dattawan ikkilisiya a yi horo. Dukanmu muna dogara ga alkawarin da ke cikin 1 Yohanna 1:9, cewa wanda ya bayyana zunubinsa zai sami gafara da tsarkakewa, saboda amincin Allah.

Amma mu tambayi kanmu da gaskiya. Waɗanne zunubai ne muke yi wa horo? Zina, da shan giya, da auren mace ta biyu, da zuwa wurin boka. Ko an taɓa jin dattawa sun kira mutum saboda ya zuba wa wake maganin ƙwari fiye da kima ya kai kasuwa? Ko saboda ya sayar da ganyen da shi kansa ba zai ba 'ya'yansa ba? Mun mai da zunubi abin da ake yi a ɗaki ko a mashaya kaɗai. Wanda ake yi a gona da kasuwa da wurin aiki kuwa mun ba shi suna neman abinci.

Littafi Mai Tsarki bai raba su haka ba. A Littafin Ƙidaya 5:5-7, an umarci wanda ya cuci ɗan'uwansa ya yi abu biyu tare: ya furta laifinsa, ya kuma biya abin da ya ɓata cikakke, har da ƙarin kashi 1 cikin 5. A Matiyu 5:23-24 Ubangiji ya koyar cewa wanda ya kawo baiko ya tuna ɗan'uwansa yana da ƙara a kansa, sai ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna. Ga kuma labarin Zakka mai karɓar haraji a Luka 19. Ku lura da jerin abin: Yesu ne ya fara kiransa da suna, ya sauka a gidansa, tun bai biya ko anini ba. Bayan haka ne Zakka ya miƙe ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya cuta ninki 4. Watau biyan ba shi ne kuɗin gafara ba, 'ya'yan gafara ne. Itacen da aka dasa ya kama, ba a tambayarsa ko zai yi toho.

An ga haka a zahiri cikin farkawar da ta tashi a Gahini ta ƙasar Ruwanda a shekarun 1930, ta bazu zuwa Yuganda da Kenya da Tanganyika. Abin da ya sa har waɗanda ba Kirista ba suka gaskata tuban mutanen nan shi ne, bayan sun furta zunubi a gaban jama'a, sai a gan su suna mayar da kuɗi da kayan da suka sata, waɗansu tun shekaru da yawa, ba wanda ya tuhume su.

Mun san abin da za a ce mana, kuma maganar tana da nauyi. Za a ce, "Ai masu kamfani ne da laifi, mu talakawa ne. Ɗan ƙodago in ya ƙi, gobe a kore shi a ɗauki wani. Mai lambu kuma ba shi da wani ruwan da rani, in bai yi da wannan ba iyalinsa su kwana da yunwa." Gaskiya ne alhakin ba ɗaya ba ne. Wanda yake da halin gina wurin tace ruwa ya ƙi domin riba, nauyinsa ya fi na yaron da aka aika ya buɗe famfo nesa ba kusa ba. Ba kuwa za mu ɗora wa talaka kayan da mu kanmu ba za mu iya ɗauka ba. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Matar da ta sayi latas a kasuwar 'Yankaba ta ba ɗanta, ba ta san mai kamfani ba. Daga hannunmu kayan ya fito. Girman laifin wani ba ya wanke namu.

Mu kuma tuna ba sai a bakin Jakara ake irin wannan ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Waken da Turawa suka ƙi, irinsa ne ake dafawa a gidajenmu da makarantun 'ya'yanmu. Wannan kam ba mai kamfanin jima ba ne ya zuba. Manoma ne da 'yan kasuwa, har da waɗansu da suke zaune a bencin gaba ran Lahadi.

Saboda haka ga shawararmu ga ƙungiyoyi.

Na farko, a kira zunubi da sunansa. Addu'ar "ka gafarta mana abin da muka sani da wanda ba mu sani ba" tana da sauƙi, domin ba ta taɓa aljihun kowa. Annabi Natan bai yi wa sarki Dawuda kewaye-kewaye ba sa'ad da lokacin faɗar gaskiya ya yi, Dawuda kuma bai kawo hujja ba. Muna roƙon fastoci da masu bishara su sa awo da mudu, da maganin ƙwari, da ruwan lambu, da bashin ƙungiya cikin wa'azin tuba.

Na biyu, kada a bar mai tuba shi kaɗai. Yakubu 5:16 ya haɗa furta wa juna laifi da yi wa juna addu'a, addu'ar da ba ta motsa hannu kuwa ba ta kai ba. In saurayi ya ƙi aikin buɗe ƙazamin ruwa ya rasa abin yi, ƙungiya ta ba shi rance ko gona ko akuya 2 ya fara kiwo. In mai lambu yana so ya rabu da ruwan kwata, a haɗa kuɗi a haƙa rijiya nesa da rafin, a kuma kai ruwan a auna kafin a fara ban ruwa, gama rijiya marar zurfi a bakin rafi ita ma takan gurɓace. Kafin a sami haka, a rage ganyen da ake ci, kamar latas da alayyafo da kabeji, a koma renon dashen itatuwa da furanni na sayarwa. Game da wake kuwa, akwai buhun PICS mai ninki 3 wanda yake kashe ƙwari ta hana su iska, ba sai da magani ba. Ƙungiya ta saya da yawa ta raba wa membobi.

Na uku, inda aka san wanda aka cuta, a je wurinsa. Wanda ya ci bashin ƙungiya ya yi shiru, ko ya sayar wa maƙwabci iri marar kyau, ko ya ci iyakar gona, ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Inda ba a san shi ba, kamar mai sayen ganye a kasuwa, gyaran shi ne a daina, a kuma faɗa wa sauran manoma gaskiya.

Na huɗu, mu ma mu gafarta. Cikinmu akwai waɗanda ƙazamin ruwa ya kashe musu ƙasa, ya kashe kifi, ya sa wa dabbobi ciwo. Misalin bawan nan na Matiyu 18, wanda aka yafe masa talanti 10,000 ya shaƙe ɗan'uwansa saboda dinari 100, gargaɗi ne a gare mu. Ba mu da izinin ƙiyayya ko ramuwa ko ta da hankali, Kano kuwa ta ga abin da fitina take haifarwa. Amma gafara ba ta nufin yin shiru. Za ka iya yafe wa mutum daga zuciya, ka kuma ce masa ya ɗauke ƙafarsa daga kan taka. Yawancin masu lambu da masunta a bakin Jakara da Chalawa maƙwabtanmu Musulmi ne, ruwan kuwa ba ya tambayar addinin mai sha. Mu haɗa kai da su, mu bi ta wurin mai unguwa da dagaci da hakimi, mu rubuta wa Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Kano da hukumar NESREA cikin ladabi, da sunan wuri da rana da abin da aka gani. Maganarmu za ta yi nauyi in an san mun fara share tamu ƙofar.

Ga saurayin nan kuwa, ga amsar da muka ba shi. Muka ce, "Ɗanmu, jinin Almasihu ya isa, ba a kuma ƙirga maka sau nawa ka dawo. Damuwar da take hana ka barci ita kanta alama ce Ruhu bai rabu da kai ba. Amma kada ka mai da gafara sabulun da za ka riƙa wanke hannu da shi kowace safiya domin ka koma kwata da dare. Ka je ka gaya wa shugaban aikinka cikin ladabi cewa ba za ka iya wannan ba, ka roƙa a sauya maka wuri. In an kore ka, ka dawo gida, akwai kadada a gonar ƙungiya da sunanka." Dattijon nan kuma ya yi alkawarin zama da ɗansa kafin a zuba irin latas na gaba.

Muna roƙon kowace ƙungiya ta karanta wannan a taronta na wata, ta tattauna, sakatare kuma ya aiko mana da abin da kuka shirya. Ubangiji ya ba mu zuciyar tuba da hannun gyara. Amin.