Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Majalisar Tarayya Kan Haƙƙin Mai Jego Da Majinyaci

Ya ku masu girma 'yan majalisa,

Manufar wannan takarda ita ce tunatarwa, domin duk lokacin da hukuma ta shiga tsuke bakin aljihu, kamar yadda aka yi a 1986 zamanin Janar Babangida, aka kuma sake gani bayan janye tallafin man fetur a 2023, nauyin yakan fara sauka kan raunana, wato majinyacin da ciwo ya hana shi neman halal, da mai jegon da ba ta gama wankan arba'in ba.

Dokar Ƙwadago ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 12 da aƙalla rabin albashi, alhali yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta shekarar 2000 ta tanadi mako 14 da kashi biyu cikin uku. To, idan darajar naira ta faɗi, magani ya yi tsada, wannan rabin ina zai kai? Balle mai tuyar ƙosai da matar manomi, waɗanda wannan tanadi bai kai gare su ba ko kaɗan.

Saboda haka muna roƙonku, bisa amanar da Allah ya ɗora muku, ku gyara wannan doka, ku kuma cika alƙawarin Abuja na 2001 na ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafi, domin kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a.

Allah ya yi muku jagora. Wassalam.