Ra'ayinmu: Fari Ne, Ko An Datse Kogin?

Duk wanda ya san zaman Agege ko Idi-Araba a Ikko, ko kuwa Sabo ta Badun da ta Shagamu, ya san cewa cikin 'yan shekarun nan wata sabuwar sana'a ta shigo hannun samarinmu da matan aure na cikin gida. Ba rumfa, ba kanti, sai wayar hannu. Mutum ya ɗauki hoton kwalin bandar kifi, ko kilishi, ko riɗi, ko turaren wuta, ya sa a WhatsApp ko Facebook, mai so ya turo kuɗi ta banki, shi kuma ya buga wa ɗan'uwansa waya a Nguru ko Gashuwa a ɗora kaya a mota. Jama'a da yawa sun ci abinci ta wannan hanya, wasu har sun yi aure, sun sayi fili a gida. Amma yau in ka zauna da su bayan sallar lisha, maganar da za ka fi ji ita ce ciniki ya ja baya, tambayar kuwa guda ce a bakin kowa: a daure a ci gaba, ko kuwa a juya?

A ganinmu, amsar tana nan cikin tarihin garuruwan nan biyu da kayan ke fitowa.

Dattawan da ke cikinmu ba sa bukatar a gaya musu abin da Nguru take a da. Tun sa'ad da layin dogo ya isa can daga Kano cikin 1930, ya bi ta Ringim da Malam Madori, garin ya zama ƙarshen hanyar jirgi, watau ƙofar da arzikin ƙasar Barno da na kudancin Nijar ke bi ya gangara Kurmi. Gyaɗa, auduga, ƙaro, fata da ƙirgi, shanu a tsaye, da busasshen naman nan da Yarbawa ke kira tinko, duk a tashar Nguru ake lodinsu. Kamfanonin Turawa da Kwarori suka kafa kantuna, Yarbawa da Ibo suka zo suka zauna. Kayan Gashuwa, garin Mai Bade da ke bakin kogin Yobe, da na Gaidam, a mota da raƙumi da jaki suke isowa su jira jirgi. Wanda ya mallaki sito kusa da tasha a wancan zamani gani yake ya gama da talauci, shi da jikokinsa.

Sai abubuwa suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. Cikin 1964 sabon layin dogo da ya bi ta Bauci da Gwambe ya isa Maiduguri, kayan Barno suka sami wata ƙofa. Farin 1972 da 1973 ya kashe dabbobi ya ƙone gonaki. Cikin 1975 annoba ta faɗa wa gyaɗa, dalar gyaɗa ba ta sake tashi kamar da ba. Kuɗin man fetur suka shimfiɗa kwalta, manyan motoci suka ƙwace lodi daga hannun reluwe, jirgi ya koma zuwa jefi-jefi. Cikin 1986 kuma Gwamnatin Tarayya ta rushe hukumomin sayen amfanin gona gaba ɗaya. 'Yan kasuwar da suka karanta alamun da wuri suka koma hatsi da riɗi da ƙaro da kifi, suka ƙulla da direbobi maimakon ma'aikatan tasha. Wasu kuwa suka riƙe makullin sito suna jiran jirgi da gyaɗa su dawo, suna cin jari kaɗan-kaɗan har ya ƙare.

Kada wani ya ce waɗannan na baya wawaye ne. Mutane ne da suka ga miyagun shekaru a da, suka yi haƙuri, haƙurin kuma ya biya su. Abin da ya cuce su shi ne sun ɗauka wannan ma irin waccan ce.

Masuntan Bade da manoman fadama sun fi kowa sanin wannan bambanci. Shekarar fari, kamar 1984, ruwa ba ya cika, kifi ya yi wuya, shinkafa ta ƙi. Amma kowa ya san in Allah ya kawo damina mai kyau ambaliya za ta dawo wurinta. Wannan haƙuri ne maganinsa. Amma da aka gama madatsar Tiga cikin 1974, aka ƙara da ta Challawa cikin 1992, kogin Haɗeja kansa ne ya sake hali. Ruwa ya riƙa zuwa da rani sa'ad da ba a saba ganinsa ba, ciyawar kacalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, wasu gonaki wajen Nguru suka zama tafki shekara zagaye, wasu fadamu kuma suka bushe, ga tsuntsayen jan-baki sun sami gida cikin kacallar suna cinye hatsi. Wanda gonarsa ta nutse ya zauna yana jiran ta fito, yunwa ce ta same shi. Wanda ya ɗauki koma, ko ya nemi injin ban-ruwa ya koma noman rani, shi ya ci gaba da ciyar da gidansa.

To, mai ciniki ta waya, kafin ka yanke shawara, wannan tambaya za ka fara yi wa kanka: abin da ya same ni fari ne, ko an datse kogin?

Fari mun gan shi iri-iri. Cikin watan Mayu na 2013 aka yanke layukan waya a Jihar Yobe saboda dokar ta-ɓaci, aka yi makonni ba a jin muryar gida. Cikin Fabrairun 2021 rikicin kasuwar Shasa a Badun ya jawo 'yan kasuwar abinci da dabbobi suka tsai da lodi zuwa Kudu na 'yan kwanaki. Ran 4 ga Oktoba na wannan shekara Facebook da WhatsApp suka ɗauke wajen awa shida a duniya duka. Farkon 2023 takardar naira ta ɓace a hannun mutane saboda canjin kuɗi. Duk waɗannan sun yi zafi, duk kuma sun wuce. Wanda ya rufe sana'arsa dominsu ya yi gaggawa. Ƙarancin takardar kuɗin ma, in za a faɗi gaskiya, shi ya koya wa tsofaffi da yawa biyan kuɗi ta waya, mai cinikin waya kuwa ya amfana.

Amma akwai waɗanda ba fari ba ne. Tun ran 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000. Daga Gashuwa zuwa Ikko tafiya ce ta fiye da kilomita dubu, kowane kwali kuwa sai ya biya rabonsa na wannan mai. Duk wanda ya gina cinikinsa a kan arahar kuɗin mota, to ya sani wannan araha ta bi jirgin Nguru.

Akwai kuma wata madatsa wadda samarinmu ba sa son a ambata. Ribar da kake ci da farko, ribar sanin bakin hanya biyu ce: ka san mai banda a Gashuwa, ka san mai saye a Ikko, su kuwa ba su san juna ba. Yau mai bandar yana da tasa wayar, ɗansa da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa ya buɗe masa shafi, mai sayen kuma tana ganin hotuna ashirin irin naka kafin ta karya kumallo, kowa yana rage wa ɗan'uwansa farashi. Wannan ba zai koma baya ba. In aikinka duka bai wuce tura hoto da karɓar la'ada ba, ba ka ajiye kaya, ba ka tantance mai kyau, ba ka ɗaukar asarar abin da ya lalace, to wurin da kake tsaye ruwa ya riga ya bar shi.

Ta yaya mutum zai tabbatar? Da lissafi, lissafin kuma a rubuce. Abin takaici ne a ce yawancin masu wannan sana'a ba su da littafi. Saƙon banki ne littafinsu, in suka ga kuɗi na shigowa sai su ce kasuwa na tafiya. Alhali kuwa a shekarar da tsadar kaya ta haura kashi 30 cikin ɗari, kamar 2024, yawan naira ba ya nuna kome. Dattawan kasuwa da kaya suke auna jari. A misali, in bara jarinka yana ɗauko kwali 10, bana kuma 7 yake iya ɗaukowa, to ka ci kwali 3, ko da lambar da ke cikin asusunka ta fi ta bara girma. Ka sa kuɗin mota, da na ɗan dako, da na data, da kifin da ya rududduge a hanya, da bashin da ba za a biya ba, da wanda ya nuna maka saƙon banki na ƙarya ya tafi da kaya. Sa'an nan ka ƙirga mutum nawa ne suka saya suka sake dawowa, domin masu yaba hoto ba su ne masu ciniki ba. Ka yi haka har shekara ta zagayo, ka ga azumi da salla da damina da kaka, tun da kowane kaya da lokacinsa. In shekara ta cika jari yana raguwa, masu dawowa ba sa ƙaruwa, dalilin kuma ba abin da zai wuce ba ne, to lokaci ya yi.

Muna kuma ba da shawara mutum ya ja wa kansa iyaka tun yana cikin hankalinsa, ya ce in jarina ya ragu zuwa kaza zan tsaya, ya gaya wa wani babba da yake jin kunyarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai juyawa da rabin jari a hannu ɗan kasuwa ne. Wanda ya bari sai da ya ƙare, neman aikin gadi ya rage masa.

Kunya ce ke hana da yawa, kada a gida a ce wane ya karye. To, kamfanin Jumia, da duk kuɗin da masu hannun jari na ƙasashen waje suka zuba masa, ya rufe sashensa na kai dafaffen abinci a Nijeriya da wasu ƙasashe a ƙarshen 2023 da ya ga ba riba. Konga kuma sayar da shi aka yi cikin 2018. Ba wanda ya ɗaura musu zane a kasuwa.

Amma fa juyawa ba tsalle ba ce. Mutanen fadamar Haɗeja da Nguru sun ga wannan ma. Da Gwamnati ta hana shigo da alkama cikin 1987, farashi ya tashi, jama'a suka ruga noman alkama, aka sare itatuwa, aka sayi injuna. Da aka ɗage hanin cikin 1992, alkamar waje ta dawo, wanda ya zuba kome nasa a ciki ya ji jiki. Yau ma haka muke gani: yaro ya bar kifin da ya sani tun yana goye, ya kwashe jari ya zuba cikin wani abu da aka ce yana ninka kuɗi a waya. MMM ta rufe da kuɗin mutane cikin Disamban 2016, CBEX ta yi haka cikin Afrilun 2025, har yanzu kuwa ana samun masu shiga irinsu.

Abin da ya fi, a canza abu guda, a gwada da kaɗan. Wani mai sayensa zai canza, ya bar bin ɗaiɗaikun mutane da rabin kwali, ya nemi masu gidajen abinci da matan kasuwa da za su riƙa ɗauka duk mako. Wani kayan zai canza, ya bar mai nauyi da saurin lalacewa, ya kama mara nauyi mai daraja wanda kuɗin mota ba zai cinye ba. Wasu kuwa hanyar ce: mutum biyar 'yan gari ɗaya, maimakon kowa ya aika nasa saƙo ta tasha suna karya wa juna farashi, su haɗa lodi guda da sito guda. Kowanne aka zaɓa, a kwafe lambobin masu ciniki a takarda, domin shafin da kake taƙama da shi ba naka ba ne, ana iya rufe shi ko a sace shi dare ɗaya.

Saura magana mafi nauyi. Jarin nan sau da yawa ba na mai wayar ba ne shi kaɗai. Akwai adashin uwa a ciki, akwai 'yan kunnen matarsa, akwai kifin da masunci ya bayar bashi bisa amana, akwai kuɗin wata Bayarabiya da ta biya tun makon jiya tana jiran kaya. Ranar da ka fara karɓar kuɗin sabon mai saye domin ka sallami na jiya, ka bar kasuwanci ka shiga wani abu dabam, ƙarshensa kuma ofishin 'yan sanda ne. Mu da ke zaune a garin mutane mun san ba sunan mutum ɗaya ke ɓaci ba. Cewa za a yi Bahaushe ya gudu da kuɗi, mai goro da mai canji da mai shanu duk su sha tambaya. Amanar da ta sa Bayarabe yake ba Bahaushe kuɗi ba takarda, kakanninmu ne suka tara ta tun zamanin fataucin goro da shanu, ba kuwa daidai ba ne a ɓarar da ita saboda kunyar faɗin gaskiya. Wanda zai juya, ya fara kiran masu haƙƙi, ya buɗe musu littafi, ya biya abin da zai iya, ya nemi lokaci a kan saura.

Saboda haka muna kira ga sarakunan Hausawa na Agege da Sabo da sauran zangunanmu, da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kifi da 'yan hatsi, su daina ɗaukar cinikin waya wasan yara. Su sa waɗannan samari da matan cikin rajistarsu kamar kowane mai rumfa, su ware rana guda a wata da dattawan da suka ga faɗuwar gyaɗa za su zauna su duba littafin duk wanda ya kawo, su kuma riƙa sasanta rigimar bashi tun ba ta kai caji ofis ba.