Dillalin Kwamfuta Ya Kamata Ya Riƙa Tuna Jiya

Duk wanda ya taɓa sayen buhun masara a kasuwar Sabon Gari ya san yadda ciniki yake: mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, dillali ya shiga tsakani har a sallama, sannan ya karɓi la'adarsa. Wannan aiki na dillali shi ne masana suke ɗora wa kwamfuta a cinikin intanet.

A shekarar 1996, masu bincike na cibiyar MIT ta Amurka suka ƙirƙiro wani tsari mai suna Kasbah. Mai kaya zai faɗa wa wakilinsa na cikin kwamfuta kuɗin da yake so, da kuɗin da ba zai sallama ƙasa da shi ba, da ranar da lalle a sayar. Daga nan wakilin zai riƙa rage farashi yayin da wa'adi ke ƙaratowa. Dabara ce mai kyau, amma wakilin da farashi da agogo kaɗai ya sani bai kai dillali ba.

Dalilin kuwa yana cikin ilimin halittu. A 1980, Robert Axelrod na Jami'ar Mishigan ya haɗa gasa tsakanin dabarun kwamfuta, kowace tana da zaɓin riƙe amana ko cin amanar abokiyar hulɗarta, sau da yawa a jere. Wadda ta lashe ita ce mafi sauƙi duka: ta fara da mutunci, daga nan ta rama duk abin da aka yi mata, alheri ko cuta. A 1981, shi da masanin halittu William Hamilton suka yi amfani da wannan wajen bayyana yadda taimakekeniya ke ɗorewa tsakanin halittun da ba dangi ba, muddin za su sake haɗuwa kuma suna gane juna. Dillalan hatsi sun daɗe da sanin haka, ko da yake ba su rubuta shi ba.

Saboda haka ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, in za su tsara irin wannan wakili, kada su auna nasararsa da ribar ciniki guda. Wakilin da ya matse manomin Giwa a kakar bana ba zai ga masararsa baɗi ba. A ba shi wurin ajiye tarihi: wa ya cika mudu, wa ya yi gyara, wa ya biya bashi kan lokaci, wa kuma ya cusa tsakuwa a gindin buhu.